Koma Shafin Baya

A jirgin ƙasan safe na Osaka, wata mata tana karanta littafin labarin zane, wani mai sanƙo yana leƙe ta kafaɗarta.

"Baiwar Allah, saurin me kike yi? Ban gama shafin ba."

"Da kuɗinka na saya? Wannan na matan aure ne, Baba. Je ka nemi na samari, masu takubba."

"Na yi kama da ɗan makaranta? Koma baya. Matar cikin labarin ta bar mijinta ne?"

"Ina ruwanka?"

"Rashin adalci ne. Mutum bai yi komai ba, aiki kawai yake zuwa."

"Ai laifin ke nan."

"Matata ma shi take karantawa. Jiya ta sauko da akwati."

Matar ta duba shafin gaba, ta rufe littafin.

"Sauka a tashar nan, Baba. Koma gida."