Nauyin da Ba a Ɗauka Ba

A bencin ofishin lasisi, inda jira ne babban aiki, na zauna tsakanin direbobi biyu, wani dattijo da wani mai tabarau.

"Ɗana, katifu fa nake ɗauka," in ji dattijon. "Soso zalla! Amma wai lasisina ya yi wa tirelar da nake ja kaɗan. Maigida ya ce in ban gyara yau ba, zai ba wani makullin."

Mai tabarau ya ce, "Baba, ba kayan suke aunawa ba. Lambar jikin ƙofar mota suke dubawa, su haɗa da ta tirela."

"Lambar me?"

"Nauyin da motar za ta iya ɗauka."

"Wanda ban ɗauka ba?"

"Shi fa."

"Ikon Allah! Ni da na cire safaya da kujerar gefe don ta rage nauyi?"

"Mayar da su. Ko iska ka ɗauko, a wurinsu cike take."

Dattijon ya ce, "To, in kankare lambar mana."

"Kada ka soma, Baba. Tun da na kankare tawa nake zarya a nan. Sun ce ba su san lasisin da ake ba motar da ba ta da nauyi ba."