Akushin Wasila

A tashar Damagaram, ana jiran kamiyon Mirriya, wani baƙo ramamme ya tsuguna kusa da wata tsohuwa.

"Inna, har yanzu ana cin tuwo a gindin tsamiyar kasuwar Mirriya?"

"Na Wasila? Ana ci mana. Ƙamshin man shanunta kan tari mutum tun daga bakin rijiya."

"A hanyar Makka na sha mafarkin miyar nan, in farka ina lasar baki." Ya ƙara matsowa. "Ita kaɗai take?"

"Ita da taurin kanta. Mijinta ya tafi hajji a ƙafa, shiru har yau. Alƙali ya ce ta yi aure, ta ƙi. Kowace ranar kasuwa sai ta cika masa akushi guda ta rufe da faifai. Ko kwamanda ya zo, ba ta sayarwa."

Ya daɗe yana kallon hanya.

"Inna, in mutum ya tsufa, ya dawo hannu wofi, za ta gane shi kuwa?"

"Ni da ban taɓa ganinka ba ma na gane ka. Tashi ka hau, Alhaji, tuwonka na hucewa."