Sunan da Ba a Faɗa a Shirin Ba

A tashar Daura, ana jiran motar garin Babban Mutum ta cika, wani matashi mai suna Yazid ya gama kallo a wayarsa, ya yi tsaki. Dattijuwar da ke gefensa ta dube shi.

"Lafiya, ɗana?"

"Wani shiri ne, Inna, kan samarin da ƙishirwa ta kashe a hanyar Libiya. Komai ya yi kyau, sai wata uwa da aka ɓoye fuskarta da muryarta ta ɓata shi. Ɗanta ya rasu, amma ko sunansa ba ta ambata ba. Sai 'yaron nan, yaron nan', kamar ɗan maƙwabta."

"Wataƙila ɗan fari ne."

"Haba Inna, kunyar ɗan fari har bayan an kai shi kabari? Ko kuka ba ta yi ba. Masu sharhi duk cewa suke yi 'yar fim aka ɗauko."

"Kabari kuma? Wa ya ga kabarinsa?" Ta gyara mayafinta. "Masu ɗaukar ma sun ce a faɗi sunan, a yi kuka, wai shirin zai fi taɓa mutane. Sau uku suna sake ɗauka."

Yazid ya sauke wayar a hankali. "Inna, ke a ina kika ji wannan?"

Ta dube shi, ta ce:

"Shekara ashirin da shida yana gabana, ban taɓa kiran sunansa ba. Sai yanzu da ba zai amsa ba zan kira shi, don masu waya su ji?"