Burodin Da Ya Ƙi Tashi

A tashar motar Funtuwa, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, Lauratu tana jiran motar Danja da ƙullin fulawa a cinyarta. Wani dattijo a ƙarshen benci ya dubi ƙullin.

"Baiwar Allah, cincin za a yi?"

"Burodi nake koyo, Baba. Sau uku ina gasawa, yana fitowa kamar dutse."

"Da wane ruwa kike jiƙa yis?"

"Tafasasshe."

"Kin kashe shi ke nan. Mai ɗumi ake sawa. Ki murza kwaɓin har ya daina kama hannu, ki rufe shi ya kumbura. Ki zuba yashi a tukunya, ki sa kwaɓin a gwangwani ki ɗora a kai, garwashi sama da ƙasa. Shekara goma sha takwas na yi ina kuku a gidan Baturen auduga. Sayarwa za ki yi?"

"A'a. Ɗana Maiwada yana aikin masaƙa a Kaduna. Ya aiko takarda, wai yanzu da burodi yake karyawa. Na ce in ya zo sallah ya tarar."

"Yaushe rabonsa da gida?"

Sallah uku ke nan, amma Lauratu ba ta faɗa ba. "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Haka ne. Ni ma tun da Baturen ya koma, ban yi zancen burodi da kowa ba sai ke."

Motar ta iso, Lauratu ta miƙe. "Baba, ku taso mu sami wuri."

"Je ki, 'yata, ba tafiya zan yi ba. Zama nake zuwa yi, nan akwai mutane."