Ba Burkutu Ba Ne, Ƙari Ne a Cikina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baƙinmu na Makoda, sannunku da hanya. Sunana Rahila, matar marigayi Bitrus, a nan gefen Bagwai aka haife ni. Na tashi ba da shaida, amma ku yi haƙuri da ni, yau bakina ba zai yi sanyi ba.

Abin ya faro ne shekarar da farashin mai ya tashi, kwanon masara ya gagari talaka, muka koma cin abinci sau ɗaya a wuni. In na fita gona ban karya ba, kafin hantsi sai gumi ya karyo mini, hannu na rawa, ido na ganin bibbiyu. In yi ta tangaɗi, in yi ta surutun da ban san na yi ba. Da na tauna rake ko na kurɓi koko, sai in warware kamar ba ni ba. Don haka na riƙa yawo da ɗan abin taɓawa a bakin zane. Kowa na ramewa, Rahila na ƙiba!

Wata Lahadi abin ya kama ni muna tsakiyar waƙar zumuntar mata. An ce na yi ta ƙyalƙyala dariya, na zagi mai kiɗan tulu. Ni ban tuna komai ba.

Sai Dattijo Yakubu, wan mijina, ya miƙe a daidai wurin nan da nake tsaye ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne. Uwarta da kuɗin burkutu ta rene ta, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku dubi tumbinta a wannan shekarar yunwa."

Kai jama'a! Gaskiya ne Innata ta dafa burkutu kafin ta tuba, amma ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Aka sa ni a horo, aka hana ni Jibin Ubangiji. 'Yata Hannatu ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, don ko ina ta gifta sai a ce ga 'yar mashayiya. Wannan ya fi ciwon cin raina.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in dai da gaske nake, in shiga ɗaki in yi busasshen azumi, ba ci ba sha, har ruhun maye ya fita. Na yarda, don ina son sunana ya wanku. Ashe kabarina nake haƙawa da hannuna.

Washegari maƙwabciyata Inna Sa'a, Musulma ce, ta ji awakina na ta kuka ba a sake su ba. Ta tura ƙofa ta same ni a ƙasa, jiki sharkaf, haƙora a datse. Ta lakato zuma ta shafa mini a cikin kumatu har na buɗe ido. Ta ce, "Haba Rahila! Ko a wurinmu marar lafiya ba ya azumi. Tashi mu tafi asibiti."

A can aka huda yatsana aka auna, aka ce sukarin jinina ya yi ƙasa ƙwarai, aka tura ni babban asibiti a Kano. Da na gama ba likita labari, kun san me ya ce? Wai in sake yin azumi! Na ce, "Likita, kai ma Yakubu ne ya aiko ka?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, a nan muna tsaye a kanki da ƙarin ruwa a hannu. So muke mu ɗebi jininki lokacin da abin ya taso."

Suka ɗiba, suka yi hoto, suka gano shi. Wani ɗan ƙari ne a tsokar da ke bayan tumbi, mai kula da sukarin jini. Yana ta ambaliyar insulin, sinadarin nan da ake yi wa masu ciwon suga allurarsa, yana cinye sukarin jikina. Likita ya ce ba kasafai suke ganin irinsa ba, kuma yunwa ce babbar abokiyar gabarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, duk zaman da na yi ina jiran tiyata addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, ka sa Yakubu ya faɗi a tsakiyar kasuwa yana tangaɗi, yara su bi shi da ihu, ya ji in da daɗi!

Ran da aka turo ni a gado za a shiga da ni ɗakin tiyata, tsoro ya kama ni. Na ce in na mutu yau, a mashayiya za a binne ni, Hannatu ta gaji sunan. Na fashe da kuka na ce, "Ya Yesu, na janye waccan addu'ar. Kada ka taɓa shi. Ka bar shi da lafiyarsa da kunnuwansa biyu, ni kuma ka tashe ni in faɗa yana ji." Nan take zuciyata ta kwanta.

Aka ciro ƙarin, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Haleluya! Tun daga ranar ban sake faɗuwa ba, bana ni na cire gyaɗar gonata da hannuna.

Na gode wa Ubangiji da ya raya ni, ya aiko mini Inna Sa'a da likitoci. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, yana ganin abin da ke cikin ciki. In kuma wani ya faɗi a gabanku, ku fara kai shi asibiti kafin ku yanke masa hukunci.

Yafiya kuwa, ina roƙon Allah ya ba ni ita, ban kai can ba tukuna. Yaya Yakubu, ga ka can a kujerar dattawa, Hannatu kuma ga ta a baya tana ji. A nan ka faɗa, a nan za ka janye. Fasto, kada a ɗauko waƙa tukuna. Ina tsaye.