Lambar Mota 8128

"Canza ta zan yi, Baba. Shekara tara ina tuƙa motar mutane, yau na samu tawa, sai a ba ni lamba mara fasali?"

Wani direba ne ke magana a ɗakin jira na ofishin lambar mota. Tsohon da ke gefensa ya gyara tabarau, ya leƙa takardar da ke hannun direban.

"8128? Ɗana, shekara talatin ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin ta a jikin mota ba. In ka tara duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ita za ta sake fitowa. Cikakkiyar lamba ake ce mata. Daga ɗaya har miliyan talatin, huɗu ne kacal irinta."

"Baba, ban da daɗin baki."

"To, tara da kanka: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64."

"127."

"Ƙara 127, 254, 508, 1016, 2032, 4064."

Direban ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi.

"8128! Wallahi ta dawo!"

"Ba biro, ba takarda? A ina ka yi karatu?"

"Daga aji huɗu na gudu. Malaminmu ya ce kaina dutse ne."

"Shi ne bai iya koyarwa ba."

Aka kira direban daga taga. Ya miƙe, ƙirji a gaba, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Ranka ya daɗe, na fasa canjin. A buga mini ita yadda take!"