Hannun Baba a Cikin Buhu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Sani, manajan wani siton hatsi a Rano.

Duk Asabar nakan shiga Kano karatun ɗa'ar kasuwanci. Da malaminmu ya zo kan batun algus, sai na tuna marigayi mahaifina a kasuwar Kibiya. In mai saye ya yaba waken saman buhu, Baba yakan naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya ɗebo na ƙasa ya ce, "Duba wannan tukuna, Alhaji, shi ma gidanka za shi." Bai taɓa shiga aji ba, Allah ya jiƙansa.

To, shekaranjiya maigidana ya ce in zuba waken bara da ƙwari suka fara ci a ƙasan buhu, in rufe da na bana. Da aikin nan nake ciyar da iyali, amma duk buhun da na kalla, hannun Baba nake gani.

Masu sauraro, yaya zan ce masa a'a?

Ina gaida dattawan layin 'yan wake, masu kirana ɗan mai tona buhu har yau.